Ƙwas-ƙwas a gaɓar eskabeta: yadda fil da bushin ke cinyewa, da abin da ake yi musu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ramin ɗibar burji da sassafe ya san wannan ƙarar. Direban eskabeta ya ɗora bokiti a ƙasa ya ɗan danna, sai ka ji ƙwas. Ya ɗaga, ka sake jin ƙwas. Ga tifofi a jere suna jiran lodi, kowa na gaggawa, babu mai waiwaye. In ka yi magana a ce maka ai tsufa ne, haka katafila take. Amma akwai tsofaffin motoci da gaɓoɓinsu suke tsit, akwai kuma waɗanda fentin kamfani bai gama dusashewa a jikinsu ba, bokitinsu na rawa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ƙarar tana fitowa ne daga tazarar da ta buɗe tsakanin fil da bushin. Hannun eskabeta gaɓa-gaɓa ne kamar na mutum: akwai babban damtsen da ake kira bum, wanda ya tashi daga jikin motar, sai hannu na biyu da ke maƙale da shi, sai bokiti a can ƙarshe, da 'yan ƙarafunan haɗi da ke juya bokitin, da silindojin da ke tura kowane ɗaya. Duk inda biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, fil ne ya ratsa su, wato sandar ƙarfe mulmulalliya. Idan ka ƙirga tun daga gindin bum har bokiti za ka samu fiye da goma. A motoci masu nauyin tan 20, irin su Caterpillar 320 da Komatsu PC200 da takwarorinsu na Hitachi, Volvo, Hyundai da Sany, waɗanda su ne suka fi yawa a ayyukan hanya da magudanan ruwa a ƙasar nan, kaurin fil ɗin bokiti milimita 80 ne. A masu tan 13 yakan zama 65, a masu tan 30 kuma 90.

Bushin kuwa zobe ne dogo na ƙarfe da ake cusawa da ƙarfi cikin ramin gaɓar, ya zauna daram ba ya motsi. Shi fil ana kulle shi ne a jikin ɗaya ɓangaren, ko dai da ƙusar da ta ratsa kansa, ko da wani faffaɗan kunne da aka haɗa masa aka ɗaure da noti. Manufar ita ce kada juyi ya faru a ko'ina sai a wuri ɗaya tak: tsakanin bayan fil da cikin bushin. Nan aka tanadi giris, wato maiƙon nan mai kauri da ake sa wa ƙarfe, nan aka yarda ƙarfe ya cinye.

Wannan tsarin shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Masu ƙera motar sun san ba yadda za a yi ƙarfe ya goga ƙarfe shekara da shekaru bai ragu ba, sai suka zaɓi wanda zai ragu. Bushin shi ne ɗan fansa, shi ne mafi araha, an yi shi don a cire a jefar. Bayansa sai fil, mai ɗan tsada. Ramin da ke jikin hannun motar da kunnuwan bokiti kuwa, su ba a yi su don su cinye ba ko kaɗan, domin ba a sayar da su a leda. Duk abin da ake kira kula da fil da bushin, ƙoƙari ne na tsare wannan jeri kada ya rikice. Ranar da cin ya tsallake bushin ya taɓa ramin, ka tashi daga aikin wuni ɗaya ka faɗa aikin mako da injin walda.

Nauyin da gaɓa ɗaya ke ɗauka

Mutane sukan ɗauka nauyin ƙasar da ke cikin bokiti ne ke wahalar da fil. Wannan ƙaramin abu ne. Man haidurolik a irin waɗannan motoci yana aiki da matsin da ya kai 350 a ma'aunin matsi na bar, silindar bokiti kuma faɗin cikinta wajen milimita 115 zuwa 120 ne. In ka lissafa, tana tura abin da ya kai tan 35 zuwa 40. Abin da ke isa bakin haƙoran bokiti kamar tan 14 zuwa 15 ne, saboda nisansu daga gaɓar. Duk wannan ƙarfin ta kan fil yake bi, kuma ba a dukan zagayensa yake sauka ba, a gefe ɗaya ne, a wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Sannan yana sauya gefe: in ana haƙa ya danna nan, in ana zubarwa ya koma can, sau ɗaruruwa a yini.

Shi ya sa ƙarfen fil na gaskiya yake da hali biyu. Ana yin sa da ƙarfe mai gaurayen kuromiyam da molibdinam, irin wanda ake yi wa lamba 4140 ko 42CrMo4, sai a ƙona fatarsa kaɗai da wutar lantarki a tsunduma a sanyi, ta yi tauri zurfin 'yan milimitoci, cikinsa kuma a bar shi da danƙo. Fatar ta jure goga, cikin ya jure duka. Da za a taurara shi har ciki, da sai ya karye kamar kwalba ranar da bokiti ya ci karo da dutse. Da za a bar shi da laushi duka, sai ya lanƙwashe. Bushin ma galibi ƙarfe ne mai taurin fata, da tsagogi a cikinsa inda giris ke kwanciya, ko da yake akwai na tagulla a wasu gaɓoɓin.

Sabon fil a cikin sabon bushin ba ya matsewa gam. Akan bar tazara ta kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita, daidai wurin da giris zai shiga ya zauna. Littattafan gyara na kamfanoni da yawa sukan sa iyakar girgiɗi a wajen milimita 1, daga nan a canza. A wajenmu kuwa sau da yawa sai an ga haske ta cikin gaɓar ake fara maganar gyara.

Yashi

Abin da ya fi cin fil ba aiki ba ne, yashi ne. Ƙwayar yashi galibinta dutsen kwaz ce, kuma ta fi ƙarfen da aka taurara tauri. A ma'aunin tauri na Vickers fatar fil mai kyau tana wajen 700, kwaz kuwa ya haura 1,000. Ke nan duk kyan ƙarfenka, in yashi ya shiga gaɓa shi ne zai yi nasara. Ya haɗu da giris ya zama wani baƙin kwaɓi mai kama da wanda makanikai ke wasa bawul da shi, kowane juyi yana kankare kaɗan.

Mu kuma a yashin muke zaune. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta sauke ta a kan duk abin da ke da maiƙo. Motar da ke ramin burji ko marmara tana cikin jar ƙura tun safe. Wadda ke ɗibar yashi a bakin kogi, kamar yadda ake yi a kogin Challawa na Kano, ita ta fi kowa shan wuya, don ruwa na wanke giris ya bar yashi a gurbinsa, da dare kuma tsatsa ta hau.

Akwai masu tsaron ƙofa biyu da aka sa don wannan. Na farko siririn zoben roba mai leɓe da ke bakin kowane bushin, wanda aka juya shi yadda giris zai iya fita amma ƙasa ba za ta shiga ba. Na biyu katon zoben roba da ke rufe tsakanin kunnen bokiti da bakin hannun motar. Kuɗinsu bai kai na man gas ɗin awa ɗaya ba, amma su ne abin da aka fi mantawa. A canza bokiti, zoben ya tsinke, a jefar a ci gaba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Giris, da yadda ake sa shi ba a sa ba

Giris aiki biyu yake yi a wannan gaɓa, na biyun ma ya fi muhimmanci a ƙasa irin tamu. Yana raba ƙarfe da ƙarfe, sannan sabon da ka ɗura yana turo tsohon waje tare da dattin da ya kwasa. Don haka ba a ƙirga sau nawa aka matsa bindigar giris. Ana matsawa ne har sai an ga baƙin ya gama fitowa ta gefen gaɓar, mai tsabta ya biyo baya. In bai fito ta gefe ba, bai shiga ba.

Fil ba ya zagayawa kamar taya. Yana ɗan juyawa ne ya dawo, a hankali, da nauyi mai yawa. A irin wannan motsi maiƙo ba ya samun damar shimfiɗa kansa, nauyin na matse shi ya fice. Wannan ne dalilin da ya sa ake son giris mai jure matsi, wanda za ka ga an rubuta EP2 a jikin bokitinsa, kuma in da hali mai moli kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wannan mai launin toka-toka zuwa baƙi. Molin gari ne mai santsi da ke manne wa ƙarfe, ko maiƙon ya gudu shi yana nan. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke rana kuma ba ya taɓuwa, giris maras kyau narkewa yake ya tsiyaye tun kafin azahar. Kuma ba a cakuɗa iri biyu barkatai, don wasu in sun haɗu tsinkewa suke yi su zama ruwa-ruwa.

Sau nawa? Gaɓoɓi huɗu na wajen bokiti, kullum, ko duk awa 8 zuwa 10 na aiki. In ana aiki cikin ruwa, kafin a shiga da bayan an fito. In an ɗaura gudumar fasa dutse a maimakon bokiti, fiye da sau ɗaya a yini. Na sama, irin gindin bum, suna iya ɗaukar lokaci fiye da haka tunda sun yi nesa da ƙasa. Gaskiya ne Hitachi da Komatsu suna da motocin da littafinsu ya ce wasu gaɓoɓin sai bayan awa 500, amma wannan alkawari ne da aka ɗora a kan wani bushin na musamman mai riƙe mai a jikinsa. Motar da aka sayo ta hannu, ta zaga hannun mutum uku, an canza mata bushin sau biyu a kasuwa, wannan alkawarin bai shafe ta ba.

Na taɓa tsayawa a kan wani makanike yana fitar da fil ɗin bokiti a wata ma'aikata. Mai motar yana gefe yana rantsuwa ba a taɓa fashin giris ba, yaron motar ma ya ce kullum sai ya sa. Da fil ɗin ya fito bayan doguwar fama, tsakiyarsa ta rame ta yi matakala har farce na maƙalewa, gefe ɗaya ya yi shuɗi saboda zafi, ga zane-zane kamar an ja shi a kan kwalta. Makaniken ya kwance ɗan nonon da ake ɗura giris ta cikinsa, ya zura waya a ramin. Ba ta shiga ba. Tsohon giris da jar ƙasa sun daskare a ciki sun zama kamar busasshen yumɓu. Ya dubi yaron ya ce, "Kai, in ka matsa ina yake fita?" Yaron ya nuna bakin nonon ya ce, "Nan, Oga." Wato watanni yana shafe bayan gaɓar da giris, cikinta a bushe ƙamas. Ba ƙarya ya yi ba, ba wanda ya taɓa nuna masa inda zai duba.

Nonon da ya ƙi karɓa ba a tsallake shi a ce gobe. Wani lokaci nauyi ne ya danne fil a kan ramin shigar, in aka sauke bokiti ƙasa ko aka ɗan motsa hannun sai ya buɗe. In bai buɗe ba a canza nonon, in har yanzu ya ƙi, a zare fil a wanke hanyar. A kuma goge kan nonon kafin a ɗora bindiga, in ba haka ba ƙasar da ke kansa ita ce za ta fara shiga. Sai wani abu da nake gani kullum yana ba ni takaici: bokitin giris a buɗe a bayan mota, ana kwasa da hannu ana cusa wa bindiga, hannun da yanzu ya gama taɓa ƙasa. Wannan da kuɗinka ka sayi abin da zai ci maka ƙarfe.

Daga goga zuwa duka

Cinyewar ba a kan gudu ɗaya take tafiya ba, kuma nan ne lissafin masu cewa a bari sai an gama wannan kwangilar yake rushewa. Da farko goga ce kawai, a hankali, tana iya ɗaukar dubban awoyi. Da tazarar ta buɗe, sai abu uku su taru. Fil ya fara tsalle daga wannan gefe zuwa wancan duk lokacin da nauyi ya juya, goga ta koma duka, wato ƙwas ɗin nan da ake ji. Dukan ya fatattaki giris ya kuma yaga robar bakin, yashi ya samu babbar ƙofa. Sannan taurin nan na fata, da ma 'yan milimitoci ne, ya ƙare, a isa ƙarfe mai laushi. Milimita ta farko takan ɗauki shekara ko fiye, ta uku kuwa cikin makonni za ta zo.

Daga nan bushin ya huje ta gefe ɗaya, ko ya saki ya fara juyawa a cikin raminsa, ramin ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. A can waje kuma ƙusar da ke riƙe fil ta gaji da duka ta karye. Sai a samo guntun rodi a zura a lanƙwasa. Fil ya fara juyawa a cikin kunnuwan bokiti, inda babu bushin babu giris, ya ci su. Wani ma sai ya kira mai walda ya like kan fil da kunnen, zafin ya kashe taurin ƙarfen, ya bar wa na gaba aikin yanka.

Ɓarnar ba ta tsayawa a gaɓar. In gaɓa ta karkace, sandar silinda na turawa a gicciye, robobinta su fara yoyon mai, wata rana ta lanƙwashe. Tsaga ta fara bayyana a waldar da ke kewaye da ramin. Aikin ma ya lalace: girgiɗin milimita 1 a gindin bum, inda tsakanin bushin biyu bai wuce santimita 60 ba, in ya yi tafiyar kusan mita 10 zuwa haƙorin bokiti ya zama wajen santimita 1.7. Tara na sauran gaɓoɓin a kai, ka ga dalilin da ya sa direba mai hannu yake kasa daidaita gindin magudana, ko ya fasa bututun ruwan da yake kallo da idonsa.

Gane matakin da ake ciki ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A kafa haƙoran bokiti a ƙasa mai tauri, direba ya riƙa dannawa yana saki a hankali, wani ya tsaya nesa kaɗan a inda direban ke ganinsa, ya bi gaɓoɓin da ido ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ɓangare ɗaya ya motsa kafin ɗayan ya bi, ta ci. Sai a ɗaga bokiti kaɗan a kaɗa shi hagu da dama. A nan a lura, girgiɗi iri biyu ne. Akwai na zamewa gefe, inda bokiti ke sulɓewa a kan fil saboda fuskokin sun ci, wannan da siraran washa ake cike shi a bar abin da bai kai milimita 1 ba, wasu bokitan Caterpillar ma da wurin daidaita shi suke zuwa. Akwai kuma na sama da ƙasa, wanda washa ba ta yi masa komai. Mai son lamba sai ya ɗora agogon awo mai maganaɗisu, ya rubuta abin da ya gani duk wata. Jan gari kamar tsatsa a bakin gaɓa, ko kuka ƙiii in tana juyawa, alamar ta bushe ne.

Hannun direba ma na da nasa kaso. Share ƙasa da gefen bokiti ta hanyar juya motar, buga bokiti a ƙasa kamar guduma don a fasa marmara, kai silinda ƙarshe da ƙarfi ana karkaɗe laka, ɓanɓarar dutse da bakin gudumar fasa dutse: duk suna ɗora wa fil nauyi ta fuskar da ba a gina shi dominta ba. An yi gaɓar ne ta ɗauki ƙarfi gaba da baya.

Ranar canji

Ka'ida ta farko, tare ake canza su. Sabon fil a tsohon bushin mai siffar ƙwai a kan layi ɗaya siriri zai zauna, sabon bushin kuma tsohon fil mai kaushi zai kankare shi cikin kwanaki. Robobin baki ma sababbi.

Fitar da tsohon bushin akwai dabarar da masu walda suka sani: a zuba layin walda biyu ko uku a cikinsa, in ya huce sai ya tsuke, a buga shi ya fito salin-alin. Ta fi yanka da wutar gas, wadda in hannu ya goce sai ta ci ramin. A cire kan batir tukuna, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda dab da wurin aikin, kada wuta ta ratsa ta cikin wasu gaɓoɓin ko ta ƙona kwamfutar motar.

Sa sabon ya fi son haƙuri. Da gangan aka yi shi ya ɗara ramin kauri kaɗan, don haka sanyaya shi ake yi ya tsuke. Ƙarfe na raguwa da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri. Bushin mai faɗin milimita 95 da ya kwana a firiza zai ragu da kamar 0.05 na milimita, wanda yakan taimaka in an haɗa da jek ko dogon noti mai jawowa. Busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili tana ninka wannan, ruwan naitirojin mai 196 ƙasa da sifili kuwa yakan sa a zura shi da hannu cikin safar kariya. Abin da ba a so shi ne guduma kai tsaye a kan bushin, domin taurararren ƙarfe ɓallewa yake, ɓallin kuma yana tashi kamar harsashi. A sa ƙarfe mai laushi ko tagulla a tsakani, a sa tabarau. A tabbata ramin giris na bushin ya yi saiti da na gaɓar kafin a tura, don in ya shiga ba ya juyuwa. Wajen daidaita ramuka a zura fil kuwa, da ido da sandar ƙarfe ake yi. Kada a kuskura a sa yatsa a ji ko sun yi daidai. Hannun motar in ya zame da milimita kaɗan, almakashi ne.

Bayan an haɗa, kwanakin farko a riƙa ba shi giris kowace rana ko da gaɓar sama ce, har ya zauna.

Sai maganar fil ɗin gida. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da sauran wuraren masu aikin ƙarfe akwai masu injin sassaƙa da za su fitar maka da fil daidai awo cikin awa biyu, kuma gwanintarsu ba abin rainawa ba ce. Matsalar ba a awon take ba, a ƙarfen take. In da ƙarfen gini aka yi shi, ba tauri ba gashi, zai cinye da wuri, ya lanƙwashe a ciki ya ƙi fita. Wasu na amfani da tsohuwar sandar silinda ko shaf ɗin babbar mota, wanda ya fi dama-dama, sai dai in an sassaƙe fatar an sassaƙe taurin. A ganina fil ɗin gida na da ranarsa: mota ta tsaya a daji, ana jiran kaya daga Legas, a sa shi a ƙarasa mako. Laifin shi ne a manta da shi a ciki. Na kasuwa ma ba duka ne na ƙwarai ba, ko da an naɗe shi a takarda mai sunan kamfani. Gwaji mai sauƙi shi ne zarto: a kan fil mai taurin fata zamewa yake yi, a kan na bogi kuwa sai ya kama ya fitar da gari.

In ramin ya riga ya zama ƙwai, sabon bushin ba zai zauna ba, ko an cusa masa gwangwani ko an ɗiga masa walda. Gyaran gaskiya shi ne a cike cikin ramin da walda, sannan a ratsa doguwar sanda mai wuƙa ta ramukan biyu a lokaci ɗaya, a sassaƙe su su koma awon asali a kan layi guda. Akwai injin tafi-da-gidanka da ake ɗaurawa a jikin motar a yi wannan a wurin aiki. Dalilin yin su tare shi ne, in aka gyara kowane rami daban, da gurinda ko da hannu, ba za su kalli juna ba, sabon fil zai shiga a takure ya fara cin gefe tun ranar farko. Akwai kuma wani irin fil mai hannun riga a kowane kai, da ke buɗewa in an ɗaure noti ya cike ramin kunnen da ya ɗan ci. Yana da amfani ga kunnuwa in cin bai yi nisa ba, amma ba ya maye gurbin bushin.

Kada a manta akwai wasu fil da bushin a ƙasa, a cikin sarƙar da motar ke tafiya a kai, ɗaya a kowace mahaɗa. Waɗannan a rufe suke da giris ɗinsu tun daga kamfani, ba a ɗura musu. Cinsu yana bayyana ne a tsawon sarƙar: a motocin tan 20 tsakanin fil da fil milimita 190 ne, huɗu su ba ka 760, abin da ya ƙaru a kai shi ne cin. Abin da ke kashe su shi ne ɗaure sarƙa tamau, da yawan gudu da baya, da doguwar tafiya a ƙasa don a tsimi kuɗin babbar motar ɗauka. Eskabeta ba a yi ta don tafiya ba.

Wa ke sayen giris?

Duk abin da na lissafa, makanikai da tsofaffin direbobi sun san shi. Abin da ya sa ba a yi, a nawa ganin, yana cikin yadda ake hayar motocin. Mai mota yana gari, ya bayar da ita haya ta kwana ko ta awa. Ɗan kwangila ya biya kuɗin yini, yana son kowane minti bokiti na cikin ƙasa, mintuna 20 na giris da safe a wurinsa asara ce. Direba wani lokaci da yawan tifar da ya cika ake sallamarsa. Kuɗin giris kuma an dunƙule shi cikin kuɗin abinci da na sabulu an miƙa wa direba, ko an bar shi ba a ce ga mai saye ba. Cikin mutum ukun nan, wanda zai biya kuɗin cike rami da walda shi ne kaɗai ba ya wurin.

Masu motocin da na ga gaɓoɓinsu na daɗewa ba wani sirri gare su ba. Su ke sayen giris da kansu, na cikin kwalin da ake zurawa a bindiga a rufe, ba na awo ba. Sun rubuta a takardar haya cewa rabin awar farko ta kowace safiya ta duba mota ce, kuma tana cikin lokacin da ɗan kwangila ya biya. Wani da na sani ya ƙara da cewa yaron mota ya turo masa hoton gaɓoɓin bokiti huɗu ta WhatsApp kafin a tayar da inji, yana son ya ga sabon giris ya ɓullo ta gefen kowace ɗaya. Ranar da hoto bai zo ba, kafin ƙarfe takwas ya kira direba.